Damaris Mai 'Ya'yan Tsamiya

Safara'u maƙwabciyata ce ta fara ba ni labarin Damaris, a wajen injin niƙa, muna jiran layi ya zo kanmu. Ta ce mani, "Uwar biyu, kin ga sabuwar malamar rigakafi? Ba ta tambayarki ɗiya nawa gare ki, amma kafin ta ɗaga ta san su kaf, har na goye."

Na ce, "Ke dai ba ki rabo da ƙarin gishiri."

Ta ce, "Wallahi tallahi. Jiya ta shiga gidanmu. Ni da ko ga mijina ba na ƙirga ɗiyana, sai ga shi ta jero mani su kamar ita ta yanke masu cibi."

Mutmainna, ke ƙanwata ce, ke kika yi boko, to rubuta yadda na faɗa, kar ki gyara mani. In na zo inda ban kyauta ba, shi ma ki sa shi, don dominsa na zaunar da ke. Sa cewa ni Ma'u ce, ta nan Jibiya, wadda ake ce ma Uwar biyu saboda tagwayena.

Ita Damaris ɗiyar wani ƙauye ce can wajen Gangara. Babanta Dogo manomi ne, uwarta Tasalla. Kakanninta addinin gargajiya suke bi, ubanta ya shiga coci tana ƙarama, nan aka raɗa mata wannan suna. Ta gaya mani da bakinta cewa ba a makaranta ta fara lissafi ba, a gindin rumbu ta fara. In an kawo damman gero daga gona babanta kan sa ta ta jefa ɗan tsamiya ɗaya cikin ƙwarya duk damin da aka ɗora, don shi ba ya yarda da ƙwaƙwalwarsa in ya gaji. Ta gama firamare, ta taɓa sakandare shekara uku, aka yi mata aure da Filemon mai facin taya a bakin boda, suka kama ɗaki a nan cikin gari. Doguwa ce, siririya, akwai wushirya, ga saurin tafiya kamar ta bar tukunya a wuta. In za ta shiga gidan musulmi sai ta yafa mayafi har ƙasa, ta yi sallama sau uku, ta tsaya a zaure sai an ce ta shigo.

Aikinta shi ne bin gidaje tana rubuta yara da shekarunsu, don in an tashi rabon maganin zazzaɓin damina, ko gidan sauro, ko allurar sanƙarau, a san nawa za a kawo ma kowace unguwa. Kuma kowane magani da nasa shekaru, na jariri daban, na yaron da ya fara gudu daban. To mu kin san halinmu. A ce maki ɗiya nawa gare ki, sai ki ce, "Alhamdulillahi, akwai su." Wa zai buɗe baki ya ƙirga ɗiyansa gaban baƙo, baki ya kama su? Shekaru kuwa ba takarda gare mu ba, mu dai mun san wane an haife shi shekarar da aka fara rufe boda, wance da azumin zafi. Ma'aikata nawa suka zo suka fita da fushi, suna cewa matan Jibiya ba su da kai.

Ita ba ta yi fushi ba, sai ta nemo dabara. Tana yawo da 'ya'yan tsamiya cikin gwangwanin madara. Ta zauna a bakin tabarma, ta share ƙasa da tafin hannu, ta ce, "Auta yaushe aka same shi?" Ki gaya mata, ta ajiye tuli ɗan ƙarami. Ta ce, "Daga haihuwarki ta farko zuwa auta, damina nawa tsakani?" Wannan ba ƙirga ɗiya ba ne, damina ce, sai ki faɗa. Ta ce, "In suka jeru daga babba zuwa ƙarami, wa ke tsakiya?" Ta ce, "Akwai tagwaye, ko ɗan riƙo da ya zo sa'a da wani?" Daga nan ta yi ta matsar da tsamiya, ta ɗauke nan ta ƙara can, har tulin ya yi daidai da duk abin da kika faɗa. In abu biyu na iya yiwuwa sai ta ƙara tambaya ɗaya, "Wannan ya yi kaciya?" ko "Wannan ta fara famfara?" Ba ki furta adadi ba, ita ma ba ta furta ba, sai ta rubuta abinta ta yi godiya. Mata suka so ta. Ana ba ta fura, ana ba ta gyaɗa, har wasu na riƙe ta hira.

Ranar da ta zo gidanmu da hantsi ne, bazara, ana shirin allurar sanƙarau. Gidan cike. Ga Inna, uwar maigidana, zaune kan kujerarta 'yar tsugunno tana tsinkar zogale. Ga Goggo, yayar maigidan, ta ƙetaro daga Ɗan Isa ta kwana biyu. Ga Safara'u da wasu mata biyu sun shigo gaishe da Goggo. Kuma ga yarinyar nan a bakin murhu tana wanke-wanke.

Rubuta sunanta, Bilki. Ɗiyata ce ta fari. Tun da aka yaye ta Goggo ta ɗauke ta riƙo, can Nijar ta tashi, sai da Sallah ko in Goggo ta zo nake ganinta. Shekara sha biyu ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa ɗaukarta gaban mutane ba, in an ce ta yi kyau sai in kau da kai. Haka uwarmu ta yi da yayanmu, kin sani. Kunyar ɗan fari ce, kuma ni ina cikin masu tsananta ta, har ana misali da ni a dangi.

Damaris ta gaida Inna har ƙasa, ta gaida Goggo, ta juyo kaina. Na tura mata yara huɗu suka tsaya, Zubair, Hassan da Usaina, da Ilham a hannu. Ta zazzage tsamiyarta.

"Uwar biyu, wannan 'yar lukutar yaushe aka same ta?"

Na ce da daminar bara, lokacin da aka sake rufe boda. Ta ajiye ƙwaya ɗaya.

"Tagwayen fa?"

Na ce rufewar farko. Ta ajiye biyar nan, biyar nan.

"Daga haihuwar farko zuwa auta damina nawa?"

Ban yi tunani ba na ce sha ɗaya. Ai uwa ba ta manta wannan.

"In suka jeru wa ke tsakiya?"

Na ce Hassan.

Ta tambayi Zubair ajinsa, ta ajiye mashi takwas. Sai ta sake duba tulin da ke ƙasa. Ta ƙirgo ƙwaya goma sha biyu ta tara su can gefe, sama da na Zubair. Tuli biyar a ƙasa, yara huɗu a tsaye.

Ta san al'ada, ba za a ce ba ta sani ba. Ba ta dube ni ba sam, Inna ta duba, ta sassauta murya ta ce, "Inna, in Hassan ke tsakiya, ga biyu ƙasa da shi, to biyu ne sama da shi. Ga Zubair ɗaya. Auta na da ɗaya, an ce tsakani sha ɗaya, ke nan akwai jikarki mai sha biyu. In tana raye tana kusa, allurar nan har da ita, ciwon ba ya barin manya."

Inna ta saki zogale ta kwashe da dariya. Ta ce, "Yau ga wadda ta kama Ma'u! Shekara sha biyu tana ɓoyo, tsamiya ta tona ta."

Goggo ta ce, "Ke Bilki, taso ki ga tulinki, ya fi na kowa tsawo."

Safara'u ta tafa hannu ta ce, "Uwar Bilki! Daga yau sunanki ke nan, mun daina Uwar biyu."

Wasa suke, na sani wasa suke. Amma yarinyar ta ɗago kai ta dube ni, hannunta duk toka, tana murmushi, tana jira ta ji mi zan ce. Ga uwar miji, ga yayar miji. Na ji kamar an yaye mani zane a tsakiyar kasuwar Lahadi. Maimakon in rufe fuska in shige ɗaki kamar yadda mai hankali za ta yi, sai Shaiɗan ya hau harshena.

Na ce, "Wa ya gaya maki? Wa ya ce maki akwai wata? Bugun ƙasa kika zo yi mana a tsakar gida, gidan da ake salla? Kwashe tsafinki. Ai gado ba ya ɓata, mun san abin da kakanninki ke yi a gindin tsamiya."

Dariya ta ɗauke ɗif. Na sa ƙafa na watsa tulin. Damaris ta durƙusa tana tsince 'ya'yan tsamiyarta ɗaya bayan ɗaya, har wanda ya shiga ƙarƙashin turmi, ta zuba a gwangwani. Ta ce, "Inna, na bar ku lafiya." A zaure ta juyo ta ce, "Ranar Talata ake allurar, a makarantar firamare. A kai yarinyar don Allah." Goggo ce ta kai ta.

Wallahi na san ba duba ba ne. Ni na ba ta amsa da bakina, sha ɗaya, Hassan. Ko ni da ban san alif ba, da na natsu na ga yadda ta yi. Amma magana ta riga ta fita. Kafin la'asar ta kai wajen niƙa. Safara'u da ta fi kowa yabonta ita ce ta fara cewa, "Ni dama na yi mamaki, ta yaya mutum zai san abin da ba a gaya mashi ba?" Wata ta ce tun da ta shiga gidansu ɗanta ke firgita. Wata ta ce ta ga tana motsa baki in tana ajiye ƙwayar. To ba dole ta motsa baki ba, ƙirga take. Maza suka ɗauka, aka kai ma mai unguwa, mai unguwa ya aika ofishinsu cewa kar a sake turo ta. Unguwa uku suka rufe mata ƙofa. Cikin sati biyu aka sallame ta, aka ce jama'a ba su yarda da ita ba. Har facin mijinta ya ja baya, 'yan acaɓa suka koma wurin wani.

Ni kuwa sai yabo nake sha. A Islamiyya ana nuna ni, ana cewa ga wadda ta yi kishin addini. Ina jin haka sai in sunkuyar da kai, su ɗauka tawali'u ne.

Aka kawo wani Kalilu a madadinta. Shi namiji, ba ya shiga gida, kuma bai wahalar da kansa tsayawa a zaure ba. A gindin bedin bakin tasha yake zama da takardunsa yana shan shayi yana cikewa. Da damina ta faɗi aka kawo maganin zazzaɓi, sai na jarirai ya yi yawa har ana mayarwa, na masu gudu ya ƙare tun kafin a kai rabin layinmu. Ɗan Safara'u mai shekara uku bai samu ba. Zazzaɓi ya kama shi har da sanƙamewa, kwana shida suna asibiti. Allah ya tashe shi. Na je dubiya da kunu a hannu, na kasa haɗa ido da uwar.

Duk da haka shekara guda cur na yi shiru. Na yi azumi da abin a wuyana, na yi Sallah da shi. Ranar da malamarmu ta Islamiyya ta karanta mana cewa haƙƙin mutum Allah ba ya yafe shi sai mai shi ya yafe, wata ta tambaya, "Malama, ko da ba musulmi ba ne?" Ta ce, "Ko da ba musulmi ba ne. Ƙazafi ƙazafi ne." Na dawo gida ko abinci ban iya ci ba.

Na tambayi maigida izini na ce zan je Gangara gaida wata. Na iske Damaris a gonar babanta tana cirar gyaɗa, ta yi baƙi ta rame. Ta gan ni ta gane ni, ta ce, "Uwar biyu, ke ce a garinmu? Ina tagwaye? Ina mai sha biyu, ko yanzu sha uku?" Ta shimfiɗa mani buhu a inuwa, ta ba ni ruwa. Na durƙusa na fara kuka na ce ta yafe mani, na san ƙarya na yi mata.

Ta ce, "Tashi, kin girme ni, kar babana ya hango ya ce mi na yi maki."

Na ba ta labarin magani da ɗan Safara'u. Ta girgiza kai. Ta ce tun suna aiki tare Kalilu ke ce mata wahalar banza take, ofis sun riga sun san in aka haɗa shekarun yaran unguwa aka raba daidai nawa-nawa ke fitowa, to kowace lamba ka rubuta in dai ta ba da wannan, ba mai kama ka. Ta tsinko gyaɗa ta ajiye mani a ƙasa, ɗaya nan, biyar can. Ta ce, "Gida mai ɗan shekara ɗaya da ɗan shekara biyar. In kin haɗa kin raba biyu, uku-uku." Ta sake ajiye uku da uku. "Wannan gidan ma uku-uku. Ga biyu da huɗu, shi ma haka. A takarda duk ɗaya suke. Amma gida ɗaya ne kawai na gaskiya, kuma sai kin shiga kin zauna za ki san wanne ne."

Na ce, "To kin yafe mani?"

Ta ce, "Ni na yafe tun ranar, don na ga fuskarki, na san kunya ce ta yi maki yawa. Ni ma da laifina, da na bari sai mun keɓe. Amma Uwar biyu, ba ni ya kamata ki gaya ma ban yi duba ba, ni na san ban yi ba. Gaban mata kika faɗa. Su ne ba su sani ba."

Na hau mota na dawo ina jin da ma duka ta yi mani.

Wata biyu bayan nan Safara'u ta haihu. Ranar suna da rana tsaka, gida maƙil, Inna na nan, Goggo ta zo da yarinyar. Ana cikin rabon tuwo na miƙe tsaye. Na ce a saurare ni don Allah. Na ce abin da na faɗa kan Damaris ƙarya ne, ba ta yi duba ba, ni na gaya mata komai da bakina. Na ce ta tambaye ni damina nawa na ce sha ɗaya, ta tambaye ni na tsakiya na ce Hassan, duk mai hankali zai gane saura ɗaya. Wata daga baya ta ce, "Saura wa?" Ta sani sarai, so take ta ji. Na ce, "Bilki. Ni na haife ta. Ɗiyana biyar ne."

Mutmainna, kina wurin, kin ga yadda aka yi. Wasu suka yi salati, wasu suka fashe da dariya. Inna ta ja mayafi ta ce, "Tir. Girma ya zo kunya ta tafi," ta tashi ta bar tuwonta. Kwana tara ba ta amsa gaisuwata ba. Safara'u ta kira ni cikin ɗaki ta ce, "Ashe ke kika ja ma ɗana?" Na ce ni ce, da ni da bakinki. Ta juya ta fuskanci bango. Yarinyar kuwa ta ɓuya bayan Goggo, har suka koma ba mu haɗa ido ba.

Maigida ya kai maganar wurin mai unguwa, mai unguwa ya aika ofis cewa an janye ƙara. Suka ce gurbin bin gidaje an riga an cike shi. Kuma har yau akwai gidajen da in an ambaci sunan Damaris sai a ce a'uzubillahi, don waɗanda suka ji ƙaryar sun fi waɗanda suka zo suna yawa. Shi ya sa na ce ki rubuta, ki kai ma malama ta karanta a Islamiyya ranar Asabar, ajin safe da na yamma, da sunana a ciki.

Da rani ya shigo aka neme ta wani aikin, ba na gidaje ba. Yanzu tana bakin boda, ƙarƙashin wata rumfar kwano kusa da inda motocin Maraɗi ke tsayawa a duba su. Tana da akwatin sanyi da riga mai shaida. Duk motar da ta tsaya sai ta leƙa ta taga, ta gaida mata, ta ɗiga ma ƙananan yara maganin shan inna, ta shafa masu alli a ɗan yatsa. Daga bakwai na safe take har la'asar, kuɗin bai kai na da ba, direbobi na yi mata tsawa wai tana ɓata masu lokaci. Filemon na tsallaken titi da facinsa, da azahar ya kawo mata ruwan leda. Shekaranjiya na wuce zan kai ma Goggo saƙo, na hango ta rabin jikinta cikin wata mota, tana lallashin wata Buzuwa ta kwance goyo.